Mai Kiɗan da Ba a Gani a Filin Biki

Duk wanda ya halarci biki a Gwada, garin doya da ke kan hanyar Minna zuwa Kuta, tsakanin 2010 da 2020, ya san waƙoƙin da ke tayar da mata daga kan tabarma. Da an saki "Kujerar Tsakar Gida" ta Ado Gwanja, ko wata ta Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef, sai fili ya cika, matan Gbagyi da na Hausawa kowa na juyi. Sunan mawaƙi ake kira, amma rabin aikin na mai kiɗa ne, wanda ke zaune a ɗan ɗakin situdiyo a Kano ko Kaduna, fiyano a gabansa.

Wannan salo ya kafu ne tun fim ɗin Sangaya na 1999, lokacin da matasan Kano suka gano cewa fiyanon Yamaha na iya kwaikwayon kalangu da sarewa. Daga nan sana'ar ta yi ta gogewa.

Mawaƙi yakan zo da baiti da karin murya kawai. Mai kiɗa ya saurara, ya fara ɗora ganga, domin a kanta ƙafa ke sauka. In ta yi sauri, 'yan rawa su gaji tun kafin a kai tsakiya. In ta yi sanyi, fili ya watse. Sannan ya shimfiɗa kiɗa mai nauyi, wanda ake ji a ƙirji, ya yayyafa kalangu a gurbin da murya ta huta, kamar mai zuba yaji a tsire. Dole kuma kunnensa ya san Hausa, don harshe ne mai hawa da sauka, kuma kiɗan da ya saɓa wa karin kalma yakan ɓata ma'anarta. Shi ne ke gane inda amshin mace zai shigo, da inda zai bar sarari don guɗa da liƙi.

Akwai wata gwaninta ta ƙarshe. Waƙoƙin nan sun yaɗu ne ta memori da Bluetooth, daga shagon masu tura waƙa zuwa wayar ɗan acaɓa. Saboda haka sai mai kiɗa ya daidaita sauti yadda zai yi daɗi a ƙaramar waya, ya kuma girgiza manyan lasifikan DJ. "Jaruma" ta Hamisu Breaker, wadda matan aure suka yi ta rawa da ita lokacin kullen korona a 2020, ta ci wannan jarrabawar.

Mawaƙanmu su riƙa ambaton masu kiɗansu a fili, su biya su haƙƙinsu yadda ya kamata. Mu kuma masu sauraro, in waƙa ta burge mu, mu tambayi wanda ya yi kiɗan.