Awon Halayya da Rubuta Rahotonsa a Karkarar Mayahi da Tasawa

Awon halayya reshe ne na aikin masana halayyar ɗan Adam masu kula da marasa lafiya. Manufarsa a gano abin da mutum yake yi, yaushe yake yinsa, sau nawa, me ke zuwa kafinsa, me kuma ke biyo baya, tun kafin a laƙaba wa cutar suna. Frederick Kanfer da George Saslow sun shimfiɗa wannan tsari a Amurka a 1965, sannan a 1968 Sidney Bijou da abokan aikinsa suka fito da jadawali mai gida uku: abin da ya gabata, abin da aka aikata, da abin da ya biyo baya.

A ƙaramar hukumar El Alasan Mairairai ta gundumar Mayahi, ko a ƙauyukan Tasawa, aikin bai cika faɗawa hannun ƙwararre ba, domin ƙwararrun kaɗan ne, kuma galibinsu suna Yamai da manyan birane irin su Maraɗi. Wanda ake fara tararwa shi ne ma'aikacin jinya na ƙaramar cibiyar lafiya (CSI). Irin wannan giɓi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a 2008, ta fitar da littafin jagorarsa a 2010.

Hanya ta farko ita ce hira. Da wuya mara lafiya ya zo shi kaɗai, kuma sau da yawa uba ko yaya ne zai yi bayani: "iska ta taɓa shi," ko "kansa ba daidai ba." Aikin mai awo shi ne ya warware wannan dunƙulalliyar magana. Tun yaushe ya daina zuwa gona? Yana barci? Yana wanka da salla kamar da? Ya je cin rani, kuma yana shan tramol ko wiwi? Ana tambayar maganin da aka riga aka yi, na rubutun sha, ruƙiya, boka ko girka, ba tare da raini ba, domin wanda aka raina ba zai faɗi gaskiya ba. Littafin Jacqueline Monfouga-Nicolas na 1972 kan borin ƙasar Maraɗi ya nuna yadda girka take da tsarinta na gane ciwo da jinyarsa. Bayan an ji dangi, wajibi ne a ji bakin mai ciwon shi kaɗai, musamman mace.

Hanya ta biyu, lura da ido, nan ne baƙon ma'aikaci ya fi yin tuntuɓe. Matashiya ta shigo da ɗanta na fari, ta durƙusa, kanta a sunkuye, muryarta ƙasa-ƙasa. Ba ta ambaci sunan yaron ba, ba ta yi masa wasa a gaban surukarta ba. Wanda ya karanci littattafan Turai kaɗai zai rubuta cewa ba ta haɗa ido, kuma ba ta shaƙu da ɗanta ba, alhali kunya ce da kawaici. Abin dubawa shi ne ko ta sauya daga yadda aka san ta, ko tana shayar da shi, ko tana tashi in ya yi kuka da dare. Jadawali mai gida uku yana da amfani sosai ga yarinya mai faɗuwa. Idan abin yana zuwa mata har cikin barci ko kusa da wuta, da cizon harshe da fitsari, hankali ya karkata ga farfaɗiya. Idan kuwa ba ta faɗuwa sai an tada zancen aure ko jarrabawa, to akwai damuwar da ya kamata a bi diddiginta, ba tare da an ce ƙarya take yi ba.

Sai takardun awo. SRQ-20 na Hukumar Lafiya ta Duniya tambayoyi 20 ne na i ko a'a, PHQ-9 kuwa tambayoyi 9 ne kan makonni biyun da suka wuce. Gwajin ƙwaƙwalwa na MMSE, na 1975, mai maki 30, yana neman a faɗi kwanan wata, a riƙa cire bakwai daga ɗari, a rubuta jimla. Dattijon da bai yi boko ba zai rasa maki ba don mantuwa ba. Lissafinsa na dala ne, inda faran 100 yake dala ashirin, kwanakinsa kuma na watan sama ne da ranakun kasuwa. Da waɗannan ya dace a gwada shi, a kuma rubuta cewa an sauya gwajin.

Rahoton ya kan ƙunshi dalilin zuwa, tarihin ciwo, hanyoyin da aka bi, abin da aka gani, fahimtar mai awo, da shawara. Da Hausa ake hirar, da Faransanci ake rubutawa, saboda haka ya kamata a ajiye muhimman kalaman mara lafiya yadda ya furta su, a ambaci wanda ya yi tafinta. Dole a raba abin da aka gani da ido, da abin da dangi suka faɗa, da abin da ake zato. "Kwana huɗu bai ci tuwo ba, in ji mahaifiyarsa" ya fi "ba ya ba da haɗin kai" amfani ga likitan da za a tura wa a Mayahi ko Maraɗi. Haɗarin kashe kai, ko ɗaure mara lafiya da mari a gida, a fili ake rubuta shi. Sirri kuwa amana ce mai nauyi, domin takarda ɗaya da ta faɗa hannun da bai dace ba tana iya hana yarinya aure.

Shawarar ƙarshe tana la'akari da nisan hanya, kuɗin mota da aikin damina. Ana sa ranar dawowa ta dace da ranar kasuwa, a ambaci wanda zai riƙe magani a gida, a kuma zaɓi halayya ɗaya ko biyu, kamar barci da zuwa gona, waɗanda za a sake aunawa a zuwa na gaba.