Takobin ƙasa ta idon magoyin bayan Maraɗi

Idan sanyi ya kama, hatsi ya shiga rumbu, akwai kwanaki wajen goma da ƙasar Nijar kan karkata kunnenta wuri guda, wato fagen kokowar takobi. A garuruwa irin su Tchake, da ke cikin gundumar Mayayi, ba sai an yi shela ba. Mai shayi ya ɗaga sautin rediyonsa, samari su yi cincirindo kan wayar salula guda, dattawa kuwa su gyara zaman tabarma su jira a kira sunan Maraɗi. An yi wa ƴan kokowa kiɗa da waƙa da kirari ba adadi, amma wannan mutumin da ke zaune nesa da fage, wanda kaye guda kan hana shi cin tuwon dare, ba a cika waiwayarsa ba, alhali kuwa da ransa ake buga wasan.

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne, ƙaunar da yake yi wa jiharsa ba ta kai kokowar kanta tsufa ba. Kokowar da kakanni suka sani ta kaka ce: gari ya gayyaci gari, a share dandali, a kafa ganga, a yi ta har dare, wanda ya yi kaye kuma sunan ƙauyensu da na gidansu ya ɗaukaka. A shekarar 1975, shekara ɗaya bayan hawan Seyni Kountché mulki, aka buɗe gasar ƙasa ta farko a Tawa, aka kasa ƴan kokowa bisa taswirar hukuma. Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko. Tun daga ranar, mutumin Mayayi da na Tasawa da na Dakwaro, waɗanda a da kowa ke kirarin garinsu, suka wayi gari da suna ɗaya a fage. Gwamnati ta so ta ɗinke ƙasa da igiyar wasa, kuma ba za a ce ba ta dace ba. Sai dai igiyar ta fi ɗaure jiha da jiha kowace a ɗakinta. Manomin Tchake da bai taɓa taka filin kokowa na Kantu da ke birnin Maraɗi ba, yana cewa "mun kayar" da "an kayar da mu" ba tare da jin ya yi ƙarya ba.

Tsarin gasar shi ne ya fi komai iya wasa da zuciyarsa, kuma a nan ne ya cancanci yabo. Jihohi takwas ne, kowace da ƴan kokowa goma, jimla tamanin. Kowace jiha tana karawa da ƴar'uwarta, amma takobi na wanda bayansa bai taɓa ƙasa ba ne. Da zarar an kayar da mutum sau ɗaya, ya fita daga neman sarauta, duk da haka yana ci gaba da shiga fage. Mai karatu ya duba irin mugun daɗin da ke cikin wannan ƙa'ida. Wanda aka riga aka kayar ba shi da abin asara, don haka shi ne mafi haɗari. Yana iya ƙwace wa zakaran wata jiha burinsa na shekara guda cikin ƙiftawar ido, ya koma ya zauna yana share yashi daga gwiwa. Magoyin baya kuwa lissafinsa kullum raguwa yake. Ranar farko yana da goma. Kwana uku tsakani ya ƙirga ya ga biyar, ko huɗu. Daga nan sai ya koma rataye begensa duka a wuyan mutum ɗaya, yana bin labarin ƙafarsa da ta gurɗe kamar ta ɗansa. Marubucin wasan kwaikwayo da zai ƙago irin wannan zaren labari, da an ce ya ƙware.

Idan goman suka ƙare, nan halinsa na gaskiya kan fito. Wani ya kashe rediyo. Wani ya koma bin Tawa ko Damagaram saboda maƙwabtaka da harshe, ko kuma don dai kada wanda ya kayar da nasa ya kai gaci. Mafi yawa sukan fake da tarihi. Sai a tono Kantu da Salma Ɗan Rani na Doso, a tono Langa-Langa na Damagaram da Kadade na Tawa, a sauko har kan Umaru Bindigau, a yanke hukunci cewa mazan jiya sun fi na yau ƙashi. Rabin masu wannan magana ba su ga Kantu da ido ba. A bakin iyaye da muryar masu sharhin Muryar Sahel suka gan shi, kuma wataƙila shi ya sa ya fi girma a wurinsu.

Wannan hali ba na Bahaushe ne shi kaɗai ba. A Kanada, inda ake buga hoki a kan ƙanƙara, ƙungiyar Canadiens ta birnin Montreal ta ci kofin Stanley sau 24, na ƙarshe a 1993, magoya bayanta kuma har yau da sunan Maurice Richard suke jiƙa maƙoshi. Shi ne wanda ya jefa ƙwallo 50 a wasa 50 a kakar 1944 zuwa 1945, kuma dakatar da shi da aka yi a watan Maris na 1955 ya jawo tarzoma a titunan birnin, domin masu jin Faransanci sun ɗauki hukuncin a matsayin wulaƙanci daga masu jin Ingilishi. Bambancin da ya shafi adabi shi ne, su can mai kallo ya samu wanda ya rubuta shi. A 1979 Roch Carrier ya fitar da gajeren labarin da aka fi sani da Le Chandail de hockey: yaron ƙauye ne a Kebek, shi da abokansa duka suna sanye da riga mai lamba 9 irin ta Richard, sai aka yi kuskure aka aiko masa da rigar abokan hamayya na Toronto, uwarsa ta tilasta masa sa ta. Ba a buga wani babban wasa a labarin ba, gwanin ma bai bayyana ba. Kunyar yaron ce kawai, amma ta isa har aka buga wani yanki na labarin a takardar kuɗi ta dala biyar ta ƙasar.

A fagenmu kuwa, duk fasahar baka ta tattara ne a kan mai ƙarfi. Makaɗi shi yake wasawa, kirari shi yake yi wa kansa, ɗan cali-cali ma da ke ba da dariya shi yake kwaikwaya, da layunsa da gurayensa. Wannan adabi ne mai daraja, ba a musu. Amma adabin nasara ne. Ba shi da ɗaki ga wanda ya yi tafiyar yini a bayan mota ya tarar an kayar da gwaninsa cikin daƙiƙa ashirin, ko tsohuwar da ba ta san ƙa'ida ko ɗaya ba amma take hana jikokinta motsi har a tashi. Marubutan ƙagaggun labarai na Hausa, waɗanda suka cika kasuwa da soyayyar samari da ƴan mata, sun bar wata soyayyar da ta fi waccan daɗewa da yawan kishi tana kwance ba mai ɗauka.

Akwai kuma abin da telbijin da kuɗi suka yi wa idon mai kallon. Da aka shigo da agogo da gargaɗin alƙali, aka kuma kai kyautar ga miliyoyi da mota, sai ɗan kokowa ya koyi tsoron faɗuwa fiye da son kaye. Akan ga ƙarti biyu sun haɗa goshi suna mari-marin hannu minti bayan minti, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi kuskure ko alƙali ya raba su da gargaɗi. Rediyo yakan rufa wa irin wannan karo asiri, domin mai sharhi na cike gurbin da zaƙin baki. Hoto ba ya rufawa. Magoyin baya na la'antar wannan salo idan wata jiha ce ta yi shi, idan kuwa nasa ne ya tsira da shi, sai ya kira shi dabara. Ba za a ɗora wa ƴan kokowa laifin duka ba, tunda shi ma mai kallon ya fi son takobi ya zo gida ko ta wace hanya.

Zamanin Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya gwada wannan ƙauna gwaji mai tsanani. Sau shida yana kai takobi Doso, na shidan a Agadas a watan Disamba na 2023. Mutumin Maraɗi ya rasa inda zai ajiye shi: ya yaba, ya ji kamar ya ci amanar gida, ya kushe, idonsa ya ƙaryata shi. Da yawa sun ɓullo da mafita irin ta masu wayo, suka ce ai ɗan ƙasa ne, shi ke fitar da Nijar kunya idan an haɗu da Senegal ko Najeriya. A ƙarshen 2024, a filin Salma Ɗan Rani na Doso, gaban mutanensa, Abba Ibrahim na Yamai ya raba shi da sarautar a karon ƙarshe. Babu ɗan Maraɗi a cikin su biyun, amma hakan bai hana majalisun shayi na Tasawa da Mayayi rabuwa gida biyu ba, kowane ɓangare na rantsuwa cewa tun farko shi ya faɗa.