Ƙaddara ce, ko rashin ƴan uwa?

Ya kai mai karatu, in ka samu hali ka kalli silimar nan mai suna Al'lèèssi, wadda Rahmatu Kaita ta fitar a 2004. Da Zabarmanci sunan na nufin ƙaddara. Labarin Zalika Sule ne, ɗaya daga matan farko da suka yi wasan silima a Nijar.

An haifi Zalika a Yamai a 1947. A 1966 ta fito cikin silimar Mustafa Alasan, Le Retour d'un aventurier, tana bisa doki da wando da malafa. Daga baya ta yi wasa cikin Le Wazzou polygame na Umaru Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Sau da yawa matsayin muguwar mace ko karuwa ake ba ta. Mutanen gari kuwa ba su raba wasa da gaskiya ba, sai suka riƙa zagin ta.

Abin da ya yi kyau cikin aikin Rahmatu shi ne ba ta yi magana a madadin Zalika ba. Ta bar ta ta faɗi da bakinta. Muna ganin ta cikin ƙaramin gida marar ruwa, marar lantarki, tana hidimar ƴaƴanta, sa'an nan a nuna mana ita da ƙuruciya cikin tsoffin silimomi. Haɗa hotunan nan biyu ya fi dogon jawabi. A ƙarshe muna jin ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu a 2021.

Amma ina da ja da sunan. Wanda ya ji an ce ƙaddara, sai ya ce haka Allah ya rubuta, ya kaɗe rigarsa ya tashi. Ni abin da na gani cikin silimar kaɗaici ne. Zalika ba ta koyi wasa a wata makaranta ba. Ba ta da sa'o'i mata masu sana'a irin tata da za ta kai wa kuka. Maza ke rubuta labari, su ke riƙe da na'ura, su ke raba matsayi. Da silimar ƙasa ta durƙushe, ba ta da inda za ta dafa.

Ka gwada wannan da hanyar A'isha Maki, ƴar Damagaram. Ta yi karatun ilimin zaman jama'a a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ta koyi shirya silima a IFTIC, ta ƙaro ilimi a jami'ar Sanluwi ta Senegal. A 2016 ta fitar da L'Arbre sans fruit, wato itace marar ƴaƴa, inda ta yi magana kan rashin haihuwa, har da nata. A 2021 ta fitar da Zinder, kan samarin unguwar Kara-Kara. Ba na cewa ta fi Zalika baiwa. Ta dai samu malamai, da abokan karatu, da kayan aiki, kuma ita ke zaɓen labarinta.

To, makaranta ita kaɗai ba ta isa ba. Yarinya na iya zama cikin jami'a ta yi kaɗaici irin na Zalika, in ana gwajin wasan kwaikwayo da dare lokacin da ba a barin ta fita, ko in ta hau dandali aka ɓata mata suna. Haka gurgu da makaho, haka ɗan ƙauye wanda Faransancinsa bai nuna ba. Gyaran ba ya son kuɗi da yawa: ɗaki guda da aka sani nasu ne, gwaji da rana, wasa da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, malama guda mai tsaya musu, da gayyatar iyaye ranar wasa su gani da idonsu. Ƙungiyar ƴan makaranta kuma ta bar mace ta rubuta labari ta raba matsayi, kada kullum ta zama amarya ko kishiya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kana da ɗiya ko ƙanwa mai waƙa, ko zane, ko wasa, ka tambaye ta su wa ke tare da ita a makaranta. Ranar da za ta fito kuma, ka je ka zauna gaba.