Jinjina ga Masu Farautar Ƙwayoyin Sankara a Cikin Jini

Daga cikin ma'aikatan ɗakunan bincike da suka cancanci yabo akwai masu neman ƙwayoyin sankara da ke ɓallewa daga ƙari, wato curin tsokar da cutar ke tarawa, su faɗa cikin jini, domin ta wannan hanya ce cutar ke samun sabon mazauni a hanta ko ƙashi ko huhu. Wani likita a Ostareliya, Thomas Ashworth, shi ya fara ba da rahoton ganinsu a 1869, amma sai a 2004 hukumar FDA ta Amurka ta amince da na'urar CellSearch, wadda ke karɓar jini mililita 7.5, ta janyo da maganaɗisu ƙwayoyin da ke ɗauke da furotin EpCAM a fatarsu. Aikin na masu haƙuri ne, ganin cewa abin da ake nema kan kasance 'yan ƙalilan cikin biliyoyin ƙwayoyin jini, kuma bayan na'ura ta gama nata, ma'aikaci ne ke zama gaban allo yana tantance hotuna ɗaya bayan ɗaya.

Babbar bajintarsu ita ce gano cewa ƙwayoyin ba su da kama ɗaya. A 2013 masu bincike a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston suka nuna cewa ƙwayoyin sankarar mama na sauyawa tsakanin yanayin mannewa da juna kamar tubalan gini da yanayin sakewa su yi yawo, kuma a yanayi na biyu furotin ɗin kan ragu har ƙwayar ta kuɓuce wa maganaɗisun, abin da ya sa masana suka koma ƙera tarkunan da ke rarrabe ƙwayoyi ta girmansu.