Idon 'Yan Kallo a Kan Fim Ɗin District 9: Wa Aka Tausaya wa, Wa Aka Ci wa Mutunci?

1.0 Gabatarwa

Ba kasafai manazarta adabi ke waiwayar 'yan kallo ba in suna sharhin wasan kwaikwayo ko fim. Galibi akan tsaya ne a kan jigo da zubi da salo, sai ka ce wasan ya ƙare da zarar an kashe majigi. Alhali kuwa fim bai cika fim ba sai ya shiga idon mai kallo, kuma kowane mai kallo da irin tarihin da yake shigowa da shi ɗakin silima. Wannan maƙala za ta dubi yadda jama'a daban-daban suka karɓi fim ɗin District 9, ƙagaggen labarin kimiyya da ya fito a watan Agusta na 2009. Neill Blomkamp, haifaffen Johannesburg da ya koma Kanada yana matashi, shi ya ba da umarni, Peter Jackson kuwa ya ɗauki nauyin shiryawa. Abin da nake son in tabbatar shi ne, fushin da 'yan Nijeriya suka yi da fim ɗin yana kan gaskiya, amma rabin karatun kawai aka yi.

2.0 Labarin a Taƙaice

A cikin labarin, wani ƙaton kumbo ya zo ya tsaya cak a sararin Johannesburg a 1982. Da aka fasa shi sai aka tarar da wasu halittu na wata duniya, yunwa ta galabaita su. Aka sauko da su aka killace a wata unguwar 'yan tsugunne mai suna District 9, mutanen gari kuma suka laƙaba musu sunan raini, wato jatanlande, saboda siffarsu. Bayan shekaru fiye da ashirin, aka ba wani kamfanin makamai mai suna MNU kwangilar kwashe su zuwa wani sansani nesa da birni. Ma'aikacin da aka ɗora wa aikin, Wikus van de Merwe, yana bi bukka-bukka da takardar tashi yana neman sa hannu, yana ƙona ƙwayayensu yana raha. Wani baƙin ruwa ya fesar masa a fuska, daga nan jikinsa ya soma rikiɗa zuwa irin nasu. Nan take kamfanin da yake wa bauta ya mai da shi abin gwaji, domin makaman baƙin ba sa tashi sai a hannun mai jininsu. Bai sami mafaka ba sai a wurin waɗanda ya zo kora, musamman wani uba da ake kira Christopher Johnson da ɗansa.

3.0 'Yan Kallo Kashi Uku

Kashi na farko su ne mutanen Turai da Amurka. Su abin da suka gani shi ne gwanintar kwatance, wato an ɗauki tarihin wariyar launin fata an sa masa rigar almara. Fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 30 ya samo fiye da miliyan 200, aka kuma sa shi takarar lambar Oscar a fannoni huɗu, har da na gwarzon fim. A wurinsu zaluncin da ake nunawa tarihi ne na wata ƙasa mai nisa, don haka suna iya yin tir da shi ba tare da ya taɓa su ba.

Kashi na biyu mutanen Afirka ta Kudu ne, waɗanda ba sa bukatar mai fassara. Sunan fim ɗin kansa yana tuna musu District Six ta Cape Town, unguwar da gwamnati ta ayyana a 1966 a matsayin ta farar fata zalla, aka rushe ta, aka kwashe mutane fiye da 60,000. Allunan hani da ke cikin fim ɗin irin waɗanda iyayensu suka gani ne a tashoshi da bakin teku. Sai dai akwai gyambon da ya fi wannan sabunta. A watan Mayun 2008, shekarar da aka ɗauki fim ɗin a wani yanki na Soweto, tarzomar ƙin baƙi ta ɓarke daga Alexandra ta ci rayuka 62. Blomkamp da kansa ya bayyana cewa a gajeren fim ɗinsa, Alive in Joburg, wanda shi ne tushen wannan, mutanen da aka ji suna kukan baƙi an tambaye su ne game da 'yan ci-rani na Afirka, irin su 'yan Zimbabuwe. Ke nan ga baƙar fatar ƙasar, madubin fuska biyu gare shi: yana nuna masa abin da aka yi masa jiya, yana kuma nuna masa abin da yake yi wa wani yau.

Kashi na uku mu ne. Ɗan Nijeriya ya shiga silima yana sa ran ya tausaya wa wanda aka zalunta, sai ya tarar da sunan ƙasarsa a kan gungun 'yan daba masu sayar wa baƙin abincin kyanwa na gwangwani da tsada, masu fataucin makamai da karuwanci. Shugabansu, wanda aka raɗa wa suna Obesandjo, yana cin naman baƙin bisa shawarar bokanya don ya sami ƙarfinsu. Ba sai an gaya wa kowa sunan wane tsohon shugaban ƙasa wannan ya yi kama da shi ba. A watan Satumba na 2009 Ministar Watsa Labarai ta lokacin, Farfesa Dora Akunyili, wadda a shekarar ce ta ƙaddamar da shirin gyara sunan Nijeriya, ta bukaci gidajen silima su daina nuna fim ɗin, ta kuma nemi kamfanin Sony ya nemi gafara.

4.0 Shin Fushin Yana da Hujja?

Masu kare fim ɗin sun kawo hujjoji biyu. Ta farko, wai babu wanda aka bari da mutunci, tunda Turawan MNU sun fi kowa mugunta. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Muguntar MNU an jingina ta ga kamfani, kuma a cikin farar fata an ba mu Wikus da ya yi nadama da matarsa mai amana, a cikin baƙar fatar ƙasar an ba mu ma'aikacin da ya tona asirin kamfanin. 'Yan Nijeriya kuwa an kira su da sunan ƙasarsu, kuma ba a sami ko ɗaya mai fuskar mutum ba. Ta biyu, wai fim ɗin yana kwaikwayon rahoton talabijin ne, don haka ra'ayin masu rahoton ake nunawa. Wannan ma ba ta tsaya ba, domin wuraren da Obesandjo ke neman cin hannun Wikus ba ta bakin wani mai rahoto aka ba mu su ba, idon fim ɗin ne kai tsaye.

A nan ne aibin aikin yake ta fuskar adabi. Jigonsa shi ne yadda ake yi wa jama'a kuɗin goro, a ba su suna ɗaya da hali ɗaya, har korarsu ta zama halal. Sai ga shi marubucin ya yi amfani da wannan dabara a kan wasu 'yan ci-rani na zahiri, waɗanda ke kwana da fargaba a titunan birnin da aka yi fim ɗin. Ya ƙaga uba da ɗa don mu ga mutuntakar halittar da ba ta wanzu ba, ya hana wannan alfarma ga mutanen da suke raye. Abin ya ƙara ciwo in aka tuna irin tsayin dakan Nijeriya a yaƙi da wariya, har da ƙaurace wa wasannin Kwamanwel na 1978 da ƙwace kadarorin kamfanin BP a 1979.

5.0 Rabin da Muka Bari

Duk da haka, laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Na taɓa nuna fim ɗin ga ɗalibaina, kuma muhawarar farko duk a kan Obesandjo ta ƙare. Sai da na tambaye su ko takardar tashin da Wikus ke yawo da ita ta tuna musu wani abu, sannan ɗakin ya yi tsit. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Jihar Legas ta ba mazauna Maroko wa'adin kwana bakwai, sannan katafila ta share unguwar, mutane kimanin 300,000 suka rasa muhalli, filin kuma ya koma hannun masu hali. A 1983 Nijeriya ta kori baƙi marasa takardu, cikinsu har da 'yan Gana kusan miliyan ɗaya, kuma har yau sunan jakar da suka zuba kayansu bai bar bakinmu ba. Wanda ya taɓa zaman Sabo ko Zango a garin da ba na kakanninsa ba, ya san yadda kalma ɗaya ke haɗiye sunan mutum da sana'arsa ta bar shi baƙo kawai. Ya kuma kamata ya tambayi kansa wane suna ake kiran baƙo da shi a garinsu.

Hana nuna fim ɗin ya ba mu damar tsayawa a matsayin waɗanda aka ci wa mutunci, ya kuma hutar da mu daga ganin kanmu a rigar Wikus, wato ma'aikaci mai fara'a wanda bai ɗauki kansa azzalumi ba, aikin ofis kawai yake yi. A ganina wannan tauraro shi ne babbar nasarar fim ɗin, domin yawancin zalunci da takarda da hatimi ake aikata shi.

6.0 Kammalawa

An ga yadda fim ɗaya ya zama uku a idon jama'a uku: almara mai ƙayatarwa ga Bature, tsohon tabo da sabon rauni ga ɗan Afirka ta Kudu, cin fuska ga ɗan Nijeriya. Kowannensu ya ga wani abu da yake nan da gaske. Darasi ga ɗalibanmu masu sha'awar ƙaga labari shi ne, kyakkyawan jigo ba ya wanke marubuci daga son zuciya. Duk wanda zai rubuta labarin zalunci, ya dubi ƙananan taurarinsa kafin manya, ya ga ko akwai wata ƙabila ko ƙasa da ya mayar jatanlande don labarinsa ya yi armashi.