Kod Ɗin Maina Da Wulaƙancin Da Yake Sha A Ajin Fiyano

Akwai wata magana da malaman fiyano suke cusa wa ɗalibai tun a makon farko: wai meja sautin murna ne, maina kuwa na baƙin ciki. Daga nan sai a jefa maina can ƙarshen littafi, a ce sai hannu ya nuna. Ni ban yarda ba, kuma a ganina wannan tsari shi ke dakushe kunnen ɗalibi.

Maganar tsohuwa ce. Zarlino, masanin kiɗa na Italiya, ya yi wannan rabon tun a 1558, kafin Cristofori ya ƙera fiyano a Florence wajen 1700. Sai dai manyan makaɗa ba su bari ta ɗaure su ba. Rondon Turkawa na Mozart da A maina ya buɗe, kuma duk wanda ya ji shi ƙafarsa ce za ta motsa. Simfoni na biyar na Beethoven, na 1808, a C maina yake, abin da ke cikinsa kuwa zafin rai ne da taurin kai. Ina makokin?

A zauna gaban fiyano. Babban yatsa a C, na tsakiya a E, ƙaramin a G: meja ke nan. Sauke na tsakiya kan baƙin maɓallin da ke hagunsa, an shiga C maina. Wannan kowa yana koyarwa, kuma a nan ake tsayawa. Abin da na fi so yana gaba. Koma C, E, G, ka matsar da ƙaramin yatsa kaɗai zuwa A. Yanzu A maina ne a hannunka, a juye, ba ka taɓa baƙi ko ɗaya ba. Sai ka gyara zama zuwa A, C, E, ka bar E inda yake, ka sauke sauran biyun zuwa B da baƙin da ke ƙasa da A, wato G shaf: E meja ke nan. Saurara da kyau. Wannan baƙin maɓalli rabin taki ne kacal tsakaninsa da A, yana jingine da shi kamar yaro a bakin ƙofar gidansu, kuma kunne ba zai natsu ba sai an koma. Maye shi da farin G ka ji yadda jan ya saki, kiɗan ya zama na yawo. Farkon Für Elise na Beethoven a kan kai da komo tsakanin A maina da E meja aka gina shi. Ashe launin maina daga maƙwabcinsa yake fitowa, daga abin da ya gabace shi da wanda ya biyo.

Shi ya sa nake cewa da A maina ya kamata a fara, tun ranar farko, tare da D da E maina, tunda dukansu farare ne. Masu cewa zai rikita yaro ba su gwada ba.

Wannan ya shafi matasanmu masu koyon kiɗan fiyano a situdiyoyin Kano da Kaduna. Na'urorin Yamaha suna da tsarin yatsa ɗaya: ka danna tushen kod tare da baƙin da ke hagunsa, na'ura ta cika maka maina da ganga da komai. Waƙa za ta fita, amma yatsan tsakiya bai taɓa sanin inda sautin ya karkata ba, balle ya san lokacin da G shaf ya dace. A kashe wannan tsari na wata guda, a sa hannun hagu ya riƙa kai da komo tsakanin A maina da E meja a hankali, ɗalibin yana rera sautin tsakiya da bakinsa kafin ya danna.