Jamhuriya ko Mulukiya: Sharhi a kan Tambayar Sa'adu Zungur daga Gonakin Arewacin Kano

Gabatarwa

Cikin rubutattun waƙoƙin siyasa na Hausa, babu wadda manazarta suka fi komawa gare ta kamar "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya" ta Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu a 1958. Ana karanta ta a matsayin hangen nesa, kuma ta cancanci wannan yabo. Wannan nazari zai auna ta ne da ma'aunin manomin ƙasar Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta da Minjibir, inda gona ke jingine da gona, ba a barin saura, ana noma fili ɗaya kowace damina da ƙarfin taki.

Ƙarfin waƙar

Waƙar nasiha ce ga masu mulki, kuma tana da asali a adabin jihadi. Shehu Usmanu ya bambance mulkin adalci da na zalunci a Kitab al-Farƙ, Malam Abdullahi kuma a birnin Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam domin shiryar da shugabanni. Zungur ya bi wannan turba: ya gargaɗi sarakuna cewa idan ba su gyara ba, ba su rungumi ilimi da shawara ba, zamani zai ture su. Gargaɗin yana da hujja a gabansa, domin bayan 'yancin Indiya a 1947 an haɗiye masarautunta ɗaya bayan ɗaya.

Inda tambayar ta gaza

Raunin waƙar yana cikin takenta. Ta taƙaita matsalar ga siffar shugabanci: sarki ne a sama ko zaɓaɓɓe? Manomi kuwa ba ya haɗuwa da hukuma a sama. Yana haɗuwa da ita wurin mai unguwa da dagaci ranar karɓar haraji, wurin sikelin gyaɗa, da kuma gaban alƙali. Tambayarsa ita ce: wa ke tace waɗanda za su yi magana da yawunsa?

Zaɓen 1951 ya nuna nauyin wannan tambaya. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma ta taka rawar gani a matakin farko na zaɓe a birni. Amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma an ba Hukumar En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe. Da aka gama tacewa, NEPU ba ta kai Majalisar Wakilai ta Kaduna ba. A karkara kuwa, inda gonar mutum da harajinsa da shari'arsa suke hannun sarauta guda, bayyana ra'ayi ya fi tsada. Matan Arewa ma ba su jefa ƙuri'a ba a zaɓen tarayya na 1959.

Jamhuriyar da waƙar ta ji wa tsoro ta zo a 1963, sarauta kuma ba ta gushe ba. A shekarar ne gwamnatin Sardauna ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, jigo a Tijjaniyya, ya yi murabus, abin da ya nuna cewa ɓaraka ba tsakanin masu addini da marasa shi take ba. Cikin gida ɗaya take. Haka aka sake gani bayan 1979. Gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, nauyin da manomi da makiyayi suka daɗe suna kuka da shi, amma ba a jima ba jam'iyyar ta rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, kowane ɓangare yana da'awar shi ne na talakawa.

Darasi daga ƙasashen da suka ɗauki sunan

Wasu ɗalibai suna ganin maganin shi ne a haɗa kalmomin biyu a ce jamhuriyar Musulunci. Tarihi bai goyi bayan wannan sauƙaƙawa ba. Pakistan ta ɗauki sunan a 1956, amma soja suka kifar da tsarin a 1958 tun ba a yi babban zaɓe a ƙarƙashinsa ba. Iran ta ɗauke shi a 1979, tana kuma yin zaɓen majalisa a kai a kai, sai dai Majalisar Kare Tsarin Mulki mai mutum 12 ita ke tantance 'yan takara, kuma a 2004 ta hana ɗimbin masu ra'ayin kawo sauyi tsayawa, har da wasu da ke kan kujerunsu. Dalilan da aka bayar sun bambanta da na Kano a 1951, amma matsalar guda ce: rariya tana hannun ɓangaren da ake takara da shi.

Kammalawa

Alƙur'ani ya yabi muminai da shawara a Suratush Shura, aya ta 38, malamai kuma sun yi dogon bayani a kan ahlul halli wal aƙdi. Abin da bai samu isasshen bincike a Hausa ba shi ne yadda ake zaɓar waɗannan mutane, da wanda zai hukunta mai tantance su idan ya karkata. Zungur ya yi wa sarakuna magana, ya ɗauki shawara a matsayin abin da mai mulki zai bayar don ya tsira, ba haƙƙin da talaka zai nema ba. Wannan iyakar zamaninsa ce, ba ta rage darajar waƙar ba. Amma malamin da yake hawa mumbari a Bichi ko Dambatta gab da zaɓe, ya ɗaga hannun ɗan takara da sunan addini, ya mayar da kansa rariya. Wajibi ne a tambaye shi abin da aka tambayi na gabansa: wa ya ɗora shi, kuma gaban wa zai amsa idan ya yi kuskure? Allah ne mafi sani.